Barira a Hanyar Kwatano

A wani ƙauye da ke gefen madatsar ruwa ta Watari akwai wata mata mai suna Barira, 'yar Malam Badaru maɗori. A zamaninsa har daga Bici ake kawo masa masu karaya a amalanke. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, don haka ita ce ta tashi tana fere masa karan ɗori, tana dama magani, tana danne majiyyaci idan za a ja ƙashi. Da ya rasu sai mutane suka ci gaba da sallama a ƙofarta, ita kuma ba ta taɓa mayar da kowa ba.

Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata biyu da namiji ɗaya, Muntaka. Gonarsu ba ta wuce a tsaya a wannan kunyar a yi magana da na waccan ba, saboda haka da Muntaka ya yi ƙarfi sai ya bi motocin albasa zuwa Kwatano, ya zauna can yana sauke buhuna a kasuwa. Barira ba ta san inda Kwatano take ba. An dai ce mata wata ƙasa ce, kuma a bakin teku.

Wata Laraba da hantsi tana shanya kuɓewa sai wayarta ta yi ƙara.

"Inna, sunana Sha'aban, ɗakinmu ɗaya da Muntaka. Mota ce ta ja da baya ta matse masa ƙafa a jikin bango. Likita ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Shi kuma ya ce ba zai sa hannu ba sai da izininki."

Barira ta zauna a kan turmi. "Kada wanda ya taɓa masa ƙafa," in ji ta. "Na ga ƙashin da ya dagargaje ya haɗu a hannun mahaifina. Ka ce masa ga ni nan zuwa."

"Inna, likitan ya ce abin ba ya jira."

"Na ce ga ni nan."

Amma fita ba ta yiwu da wuri ba. Sai da ta shiga daji ta saro sassaƙe, ta shanya, ta daka. Sai da ta jira ranar kasuwa aka sayar mata da tunkiya. Surukinta Jamil ya so ya raka ta, sai dai matarsa na kan gwiwa, don haka ya rubuta mata lambar Sha'aban da sunan asibitin a takarda, ya kai ta tasha a Kano ranar Asabar, ya damƙa ta a hannun direba.

Ba ta taɓa wuce Zariya ba. Motar ta yi ta tafiya har jar ƙasa da gonakin dawa suka ƙare, aka shiga kurmi, harshen mutane ya sauya. Ƙafafunta suka kumbura. Ba ta iya cin komai ba sai ƙuli-ƙuli da ruwa. Wayarta ta mutu a hanya, ta cusa ta cikin jaka tare da takardar Jamil da ƙullin magani. A Legas wani mai goro Bahaushe ya ji tausayinta, ya kai ta ta kwana wurin matansa, da gari ya waye ya sa ta a ƙaramar motar da za ta kai ta har Kwatano.

Da suka isa iyaka a Seme direban ya yi magana, kowa ya sauka. Wani fasinja ya yi mata nuni da hannu cewa da ƙafa ake tsallakawa, mota za ta jira su a can gaba. Ta kai hannu za ta ɗauki jakarta, aka nuna mata ta bar ta a but ɗin motar kamar kowa.

A layi kowa ya miƙa takardarsa ya wuce. Ita ta kwance bakin zane ta miƙa katin zaɓe, shi kaɗai take da shi. Ma'aikaciyar da ke duba takardu ta juya shi, ta yi tambaya da Turanci, ta sake da wani yare. Barira ta ce, "Ɗana ne ba lafiya." Babu wanda ya gane. Aka nuna mata benci.

Ta zauna tana kallon mutanen motarsu suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu tana miƙewa, sau biyu ana yi mata alamar ta koma. Rana ta take. Sai wajen azahar aka samo wani ma'aikaci mai jin Hausa.

"Baba, ina za ki ba takarda?"

Ta ba shi labari tun daga farko, ta durƙusa har ƙasa. Ya ce ta tashi, ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wata 'yar takarda. "Ki riƙe wannan da kyau, da ita za ki dawo. Allah Ya ba shi lafiya."

Ta tsallaka da sauri. Motoci birjik, amma tata ba ta nan. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana leƙa fuskar direbobi, ta dawo ta sake bi. Jaka ta tafi, da magani, da waya, da lambar Sha'aban, da sunan asibitin da ko sau ɗaya ba ta iya furta shi ba. Abin da ya rage mata sai ɗan guzirin da ke lalitarta. Ta tsaya a tsakiyar rana, masu canji da masu talla suna bangazar ta, ta rasa gabas ta rasa yamma. Matar da ko ranar mutuwar mijinta ba a ji muryarta ba, ta zauna a bakin kwata tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Baiwar Allah, lafiya?"

Wata 'yar kasuwa ce, da ƙaton ɗaurin atamfa a ka, Hausarta da ɗan karkace. Ta ce sunanta Luba, a Zangon Kwatano aka haife ta. Da ta ji abin da ya faru sai ta ce, "Kin san aikinsa?"

"Albasa yake saukewa."

"To ai kin san gidansa. Tashi."

Luba ta canza mata kuɗi zuwa sefa, suka matsu su huɗu a bayan wata tsohuwar mota. A hanya Luba ta taɓa ta ta ce ga teku can bayan itatuwan kwakwa. Barira ba ta ko juya ba, bakinta na ta motsi da salati.

A babbar kasuwa Luba ta kai ta layin 'yan albasa, ta koma ga kayanta. Barira ta bi rumfa-rumfa tana tambayar Muntaka ɗan Watari. Yawancinsu mutanen Nijar ne, ba su san wata Watari ba. Sai a rumfa ta shida wani dattijo ya ce, "Ko Bakanon nan da mota ta matse? Ku kira Sha'aban."

Bayan la'asar ita da Sha'aban suka shiga asibitin. Tun daga bakin ƙofar ɗakin Barira ta ji warin, kuma ta san shi. Sau biyu ta taɓa jin sa a zauren mahaifinta, duka biyun kuwa Malam Badaru bai ɗaura kara ba, cewa ya yi a wuce da su birni.

Muntaka ya rame, idanunsa sun faɗa, jikinsa zafi kamar garwashi. Da ya gan ta ya yi yunƙurin tashi.

"Inna, kin zo da maganin?"

Ta matsa wajen ƙafar. Ta yaye zanen. Yatsun sun yi baƙi ƙirin, baƙin ya hauro har ya taɓa gwiwa. Ta danna ƙaurin da babban yatsa, sanyi ƙalau.

"Ka ji na taɓa ka?"

"A'a."

Ta mayar da zanen a hankali, ta dafa goshinsa. "Muntaka, wannan ba ta ɗori ba ce. Ko kakanka ne ya dawo ba zai ɗora ta ba. Ka sa musu hannu."

"Inna, da me zan yi dako? Da me zan yi noma?"

"Ka sa hannu tukuna. Ni kai nake so."

Likitan ya zo, Sha'aban yana fassara. Ya ce da an yi aikin ranar Laraba da an tsirar da gwiwar, yanzu kam sai daga cinya, kuma ba zai yi alkawarin komai ba domin dafin ya fara shiga jini. Barira ta sa Sha'aban ya maimaita mata maganar Larabar. Ya maimaita, kansa a ƙasa.

Washegari aka yi aikin. Kwana uku Muntaka bai san wanda ke kansa ba, ita kuma tana zaune a tabarma a baranda da zane ɗaya, matan Zango suna kawo mata koko da tuwo. A na huɗu ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Sai da suka yi wata biyu kafin suka dawo gida, a gaban wata motar albasa da ta sauke kaya. Yanzu Muntaka yana da 'yar rumfa a bakin hanyar Bici, yana sayar da irin albasa da na tumatir ga masu noman rani. Masu haɗa ƙafar roba sun ce da yana da gwiwa da ya yi tafiya ba sanda. Bai taɓa tayar wa uwarsa da zancen ba, ita ce ma ta kan tayar, shi kuma ya ce haka Allah Ya rubuta.

Barira tana nan tana ɗori. Makon jiya aka kawo mata wani magini da ya faɗo daga kan katanga, ƙashi ya huda fata ya fito. Ta duba sau ɗaya, ta aika a kira mai a-daidaita-sahu, ta shiga ta zauna kusa da shi har asibiti.