Ranar Da Muka Taka Zuwa Kwadon

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, kowa a Tudun Wada yana sayen rediyo da babur, na shiga zumuntar matan cocinmu. Lokacin ina koyarwa a firamare. Shugabarmu wata dattijuwa ce Batangaliya mai tuyar ƙosai, muna ce mata Mama. Allah ya ba ta komai ban da murya. In ta ɗauko waƙa, sai mun lallaɓa mun dawo da ita hanya, ita kuwa ko a jikinta.

Wata shekara aka gayyace mu gasar waƙa a Kwadon. Muka sha anko, muka ɗauki tulunan kiɗa, muka cika a-kori-kurar mijin wata a cikinmu. Mun ɗan bar gari ke nan motar ta yi tari, ta mutu. Direba ya leƙa inji ya ce yau kam sai haƙuri. Matar mai motar ta fashe da kuka don kunya, wasu suka ce a koma gida.

Mama ta sauko, ta cire takalminta ta ɗora a ka.

"'Ya'yana, motar ce ta mutu ko ku?"

Na ce, "Mama, kafin mu isa an tashi."

"To, Malama, sai mu yi wa hanya waƙar. Ita ma ba a taɓa yi mata ba."

Ta miƙa wa mai kukan tulu, ta ce ita ce makaɗiya yau. Sannan ta ɗauko waƙa da muryar nan tata. Dole muka amsa da ƙarfi, don mu rufa mata asiri a gaban manoman da ke kallonmu. Kafin mu ankara muna tafe muna rawa.

Muka isa an riga an raba kyaututtuka, ana kwashe bencina. Mama ta jera mu a gaban matan da ke wanke tukwane, muka yi musu waƙoƙinmu kaf. Suka bar wanke-wanke suka shigo rawa, daga baya suka kankaro mana ƙanzon shinkafa.

A motar tumatir muka dawo. A nan na ga tafin ƙafar Mama duk ya yi bororo. Ta harare ni, ta ja zane ta rufe.

Ran Lahadi fasto ya tambaye ta a gaban jama'a na nawa muka zo. Ta miƙe a hankali ta ce, "Baba, babu dai wanda ya kayar da mu."