Ki Sa Mutum Uku

A danginmu kaf babu wanda ya kai ni iya ruwa. A Yawuri na tashi, bakin Kwara, tun ban iya ɗaura zane ba nake faɗawa kogi in ɓullo ta wani wuri. Maigidana kuwa Bakano ne, ruwan da ya sani bai wuce na bokiti ba. Don haka da aka fara shirin hutun da za mu yi a wani tsibiri na Karibiyan, mu huɗu, ni da shi da yayarsa da 'yarta, kowa ya san wadda za ta fi zumuɗin nutso.

'Yar Yaya ce ta kawo maganar. Ta gama jami'a ta fara aiki, komai a waya take yin sa. Ta samo mana wani kwalekwale da ke ɗaukar baƙi na rabin yini. Da safe su koya maka numfashi da tukunyar iska a ruwa marar zurfi, sannan su shiga da kai teku, ku nutsa tare da malami ka ga kifaye. Ta karanto mana sharuɗɗan a falon uwarta da ke unguwar Stapleton a Staten Island, tana yi da Turanci muna amsa mata da Hausa. Ba a nutso a jajibirin hawa jirgin sama, don haka sai a farkon hutun. Mai asma sai da izinin likita. Mai ciki ba ta yi sam.

Na ce a cire ni.

Yarinyar ta dinga yi mini tsiya, wai ashe duk labarin Kwara cika baki ne. Maigidana ya sunkuyar da kai yana danna waya. Yaya ta dube ni, ta dubi ƙaninta, ta tashi ta ɗauko matashi ta cusa mini a baya.

Ta ce, "Ƙyale ta. Ni da ita muna bakin gaɓa a inuwa. Ku je kifi ya cinye ku."

Ita Yaya tsoron ruwa gare ta. Shekara da shekaru tana zaune a Staten Island, amma in ta shiga feri, jirgin ruwan da ke fito da mutane, tsakiya take zama da carbi a hannu, ba ta duban taga har a sauka.

Sanarwar ke nan, ba a ƙara wata ba. Mu ba a faɗin ciki, balle ga yayar miji, balle na fari da aka daɗe ana jira. A duk shekarun jiran Yaya ba ta taɓa yi mini gori ba, ranar ma ba ta tambaye ni komai ba. Amma daga nan ta hana ni ɗaga ko tukunya. Duk Lahadin da muka je sai na tarar da ƙullin tsamiya da goruba da ta sayo mini a shagon wani ɗan Nijar a Port Richmond.

Cikin ya zube ana saura makonni mu tafi. A wurin aiki abin ya fara. Aka kai ni asibiti, aka yi mini wankin ciki, aka sallame ni kafin magariba. Direban tasin da ya mayar da mu unguwarmu Morris Heights ɗan Gana ne, yana ta gardamar ƙwallo a waya da irin Hausarsu ta zango, na saurare shi tiryan-tiryan har gida. Na wanke kwanukan safe. Na ci abinci. Na jira baƙin ciki ya zo, bai zo ba. Maigidana ya shiga banɗaki ya buɗe famfo don kada in ji kukansa, ni kuwa ina tsaye a ƙofa ina tunanin ruwan da yake zuba a banza.

Ya ce zai kira Yaya. Na ce, "Ka ce mata me?" Ya kira ɗin. Suka gaisa, ya tambayi ƙafarta mai ciwo, suka yi maganar zafin gari, ya ajiye waya. Ban ga laifinsa ba. Tun farko ba mu ce mata akwai ba, ni ma ban san ta inda zan fara ce mata babu ba.

Haka muka ci gaba da zuwa Lahadi. Jirgin ƙasa lamba huɗu, feri, bas, falon Yaya, matashi a baya. Ina tsotsar tsamiyar a gabanta, ko tsamin ba na ji. Wata rana bayan la'asar na ji ta a kan dadduma tana cewa Allah ya raba lafiya, a hankali, don kada in ji kunya. Wannan ne kaɗai ya tsaya mini a rai. Baiwar Allah tana roƙo a kan abin da babu shi, ga kuma mako guda yana jirana a inuwar tsibiri, tana yi mini fifita.

Da na koma asibiti a duba ni, likitar ta tambaya ko ina da tambaya. Ina jin ta zaci zan tambayi yaushe za mu sake gwadawa. Na tambaye ta ko zan iya nutso. Ta ce tunda jinin ya tsaya kuma jiki ya yi ƙwari, ba abin da zai hana. Na biya na sayi kayan iyo masu rufe jiki har idon sawu, na sa su a ƙasan akwati. Na koyi alamun da ake yi da hannu a ƙarƙashin ruwa, na lafiya lau da na ina so in fita. A duk shirin, abin da ya fi kwanta mini shi ne can ƙasa ba mai iya magana.

Lahadin ƙarshe 'yar Yaya ta ce yau masu kwalekwale suke son sanin yawan mutane. Yaya tana kicin tana kwasar tuwo, ƙofa a buɗe. Yarinyar ta ce mutum biyu, ita da kawunta.

Na ce, "Ki sa mutum uku."

Ta yi tsalle, ta ce da Turanci ai ta san zan sauya ra'ayi. Maigidana bai ɗago ba. Daga kicin na ji ƙarar mara a jikin tukunya ta tsaya.

Yaya ta fito tana goge hannu da gefen zanenta. Ta tsaya a kaina. Ba fuskata ta fara duba ba.

"Yaushe?"

Na ce, "An kwana biyu, Yaya."

"Kuma kike hawo feri kina zuwa, ina ba ki tsamiya kina karɓa."

Ta zauna kusa da ni, ta zare matashin daga bayana ta rungume shi a cinyarta. Ta ce Allah ya ba da rayayye. Na ce amin, da muryar da nake amsa kowace addu'a. Yarinyar tana riƙe da waya tana duban mu ɗaya bayan ɗaya, sai a lokacin fuskarta ta sauya.

Tuwo yana hucewa a kicin, ba wanda ya tashi. Can Yaya ta juya ga 'yarta.

"Tambaye su ko akwai wurin zama a kwalekwalen ga wadda ba za ta shiga ruwa ba."

"Mama, ke da ko feri..."

"Tambaye su na ce. In ta fito daga ruwan, wa zai miƙa mata tawul?"