Shanyar Gwaggo Hure

Talata. Aikin farko: sauya igiyar guga.

Ina tsugune a bakin rijiya ina ƙulla sabuwar igiyar, matata Rabi ta zo ta tsaya a kaina, na ɗago. Ta ce Gwaggo Hure ta cika, tana zaune a kan tabarmar sallarta da carbi a hannu. Na yi salati, sannan na ƙarasa ƙullin da na fara, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Gwaggo Hure yayar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage mana cikin manyan gida. Ɗanta Sani yana Sabuwa, hanyar kuwa ba ta biyuwa a duk lokacin da mutum ya so, saboda haka hidimar jana'izarta a kaina ta faɗo. Ina rubuta wannan bayan sadakar uku, domin dangi na nesa da suka nemi labari, da kuma waɗanda ba su san ta ba.

Ƙauyenmu yana gaba da Pauwa, a bakin daji. Shekarun nan tsakanin tsoro biyu muke zaune: ɓarayin daji a ƙasa, jirgin yaƙin da ke farautarsu a sama. Mun san ba mu yake nema ba, amma sanin bai taɓa hana gaban mutum faɗuwa ba. Ranar da ya fara zuwa, da hantsi ne. Muka ji ƙara kamar ana yaga sabon yadi, can sai ƙasa ta motsa, kwanonin jere suka zubo a ɗakunan mata. Gari ya watse. Wasu suka shige cikin dawa, wasu suka maƙale a gindin itatuwa. Da muka dawo muka tarar da Gwaggo a tsakar gida tana juya barkonon da ta shanya.

Ba ta yi mana dariya ba a ranar. Ta bari sai da aka ci abinci, sannan ta tambaye mu su wa ke ɓuya a gindin itace idan sun ji jirgi. Kowa ya san amsar: ɓarayin daji ne. Ta ce, “Na sama ba shi da kunne, ido gare shi. Ku nuna mashi gida.”

Tun daga nan ta ɗauki aikin a kanta. Kowace safiya takan bi gida-gida da sandarta, tana duba wace ce ba ta yi shanya ba. Barkono, kuɓewa, ganyen kuka, wankin yara, duk a fito da su fili inda ido zai gani daga sama. Wadda ta ce ba ta da wanki, sai ta ce ta jiƙa mai tsabtar ta shanya. Ta sa aka fito da turame ƙofar gida, aka riƙa daka a sarari. Idan wata ta yi ƙorafi takan ce ɓarawon daji ba ya shanya zanen goyo. Dangar da ke fuskantar daji kuwa, ita da kanta take jera mata rigunan jikoki.

Ni mutum ne mai yawan kokwanto, kuma ta sani. Wata rana ina taya ta ɗaura igiya na ce mata anya mai wannan gudu, a wannan nisa, yana ganin tabarmar barkono? Na zaci za ta yi mini faɗa. Sai ta dubi hagu da dama, ta rage murya.

“Ni ma ban sani ba, Lawal. Amma macen da wankinta ke kan igiya ba ta ɗaure kaya ta tahi. Sai ta jira shi bushe.”

A lokacin gidaje suna ta tashi zuwa Kankara, wasu Faskari, ana barin gonaki da amfani a tsaye. Ni kaina na riga na je na duba ɗakin haya. Ban koma na kama shi ba. Kullum akwai abin da bai gama bushewa ba a gidanmu, har damina ta wuce muka yi girbi.

Akwai Hajo, mai kawo mana nono. Ranar da wutar jirgi ta sauka kusa da rugarsu shanu suka fantsama, ta shigo gari da yamma da ’ya’yanta, ba ko mayafi. Ƙofofi da yawa suka rufe, don ana tsoron kowa ya fito daga wajen daji. Gwaggo ta shigar da ita ɗakinta. Washegari rigunan ’ya’yan Hajo suna kan igiya ɗaya da na jikokinta. Da aka aiko mata cewa mutane suna magana, amsar da ta bayar ita ce igiyarta ce, ba ta aro ba ce.

Ba za a tuna Gwaggo ba tare da an ambaci Malam Idi, limaminmu ba. Taubashinta ne, tun suna yara suke tsokanar juna. A wancan gudun na farko ya bar takalmi ƙafa ɗaya a hanya. Ita ta tsince shi, ta ɗora a kan danga tare da barkono, ta ƙi ba shi har aka gama kaka. Duk wanda ya tambaya sai ta ce shanya take yi wa liman, imaninsa ne ya jiƙe. Shi kuma ya ce ai tsufa ne ya hana ta gudu, ba jarumta ba.

Ta rasu ne a makon da jirgi ya dawo da ƙarfi. Kafin a gama wanka mai unguwa ya ja ni gefe. Ya ce taron maza zalla, a jere, a gefen gari, ba abin da za a nuna wa na sama ba ne a irin wannan mako. Shawararsa ita ce mutane kaɗan su sallace ta a cikin zaure, a ɗauke ta ba hayaniya. Ba tsoro ne kawai ya sa shi faɗa ba, haƙƙin mutane ne a wuyansa. Na tsaya ina auna abin. Idan na tara jama'a wani abu ya faru, da wane ido zan dubi iyalansu? Idan kuma na bari aka fitar da ita a ɓoye, matar da ta hana gari ɓuya, da wane baki zan gaya wa Sani?

Ina nan tsaye Rabi ta yi magana daga bayan zana. Ta ce mini, “Malam, ku tara mutanenku. Shanya tamu ce.”

Ban taɓa ganin gidan makoki yana shanya ba sai ranar. Mata suna kuka suna fito da kaya. Dangogi suka cika da zannuwa, aka shimfiɗa tabarmin barkono tun daga ƙofar Gwaggo har bakin filin da za a yi salla. Hajo ta zo da ƙorenta ta kife su a jere, farare tas a rana. Mutanen Pauwa da na Sheme suka iso ɗaya bayan ɗaya, kowa ya bar babur ɗinsa nesa ya ƙaraso da ƙafa. Sahu ya cika fiye da yadda na zata.

Bayan kabbara ta biyu muka jiwo ƙarar jirgin. Na ji sahun ya yi wani irin rangaji, kafaɗar na kusa da ni ta rabu da tawa ta sake dawowa. Addu'ar da nake yi ta ɓace mini. Sai Malam Idi ya ɗaga murya ya yi kabbara ta uku. Muryar tana rawa, amma ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. Ba wanda ya fita daga sahu. Jirgin ya wuce ta kanmu ya nufi daji, muka yi sallama, muka ɗauke ta.

A maƙabarta, bayan an gama rufewa, Malam Idi ya kama hannuna. Idanunsa sun yi ja. Ya nuna mini takalman ƙafafunsa ya ce, “Lawal, ka shaida. Duka biyun suna nan.”

Ban ce shanya ce ta tsare mu ba. Allah ne mai tsarewa, kuma har gobe ban san ko na sama ya ga komai ba. Abin da na sani shi ne ta bar mu a gidajenmu muna da abin yi da hannuwanmu a lokacin da tsoro ya so ya mai da mu ’yan gudun hijira, kuma an yi mata salla a fili, da rana, cikin jama'a. Na gode wa Allah da ya sa na tashi a gabanta.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hure, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata makwancinta. Yadda ta buɗe ƙofarta ga wadda aka rufe wa ƙofa, Allah ya buɗe mata ta rahama. Allah ya ba Sani da jikokinta haƙuri, ya jiƙan duk waɗanda wannan fitina ta ci a ƙasa ko daga sama, ya dawo da waɗanda suka tashi gidajensu lafiya. Amin.

Na gobe:

Mayar da tabarmin masallaci.
Kai wa Hajo ƙorenta, biyu sun tsage, a nemi mai ɗinki.
Neman wanda zai kai wa Sani carbinta.
Igiyar dangar da ke fuskantar daji ta tsinke. A ɗaura kafin hantsi, Rabi ta ce akwai wanki.