Abin da Tsoho Mai Ruwa Ya Gani

"Kwana uku ke nan gidajen mutane ba ruwa, kai kana yawo a motar soja."

Muryar Baraka ce ta ratso bango. Malam Hashimu, limamin unguwa, ya rufe littafinsa ya kasa kunne.

"To ni na kira su?" in ji mijinta, Tsoho. "Hafsa ya ce zo, sai in ce masa ina da garwa a kafaɗa?"

"Garwar ke ciyar da mu dai, ba hafsa ba."

Tsoho ya baro Gumel a ƙafa yana saurayi. Shekara shida ya yi a hanya, ya tsinci auduga a Sudan, ya tsallako teku. Tun da ya sauka unguwar Misfala a ƙasa mai tsarki bai canza sana'a ba: garwa biyu, sanda a kafaɗa, daga famfo zuwa benaye. Larabcinsa na ciniki ne. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa ce masa, "Me ka gani?"

Sai ranar Talatar nan. An tayar da la'asar a filin bayan gidaje, Tsoho ya makara, yana tahowa da garewaninsa, ya hangi wani abu kamar faifai, fari fat, tsaye cak bisa dutse. Ba ƙara, ba hayaƙi. Ya juya sau biyu, ya ɓace ta wajen Jidda. Magana ta kai bariki, washegari hafsa ya zo da na'urar hange da mai rubutu. Suka sa Tsoho a gaban mota, suka kai shi gindin dutsen, suka ba shi shayi a kofin gilashi, yana zana faifai a ƙasa da yatsa suna kwafewa.

Abin da ke cin Malam Hashimu shi ne ya riga Tsoho gani. A raka'a ta biyu wani haske ya gifta, ya ɗaga kai, ya kalli abin nan har ya kusa manta inda yake. Da shi aka ɗauka, da ya yi wa hafsa bayani da Larabcin littafi. Amma shi ne kullum yake gargaɗin mutane cewa mai salla ba ya ɗaga ido sama. In ya ce ya gani, gobe wa zai bi shi salla?

Don haka ya koma cewa game da Tsoho a majalisa, "Bawan Allah, rana ta dake shi. Idon ma ya fara hazo." Ya faɗa sau uku, amma duk suna jiran Tsoho ya dawo ya ba da labari.

Faɗan Baraka da Tsoho ya lafa a bayan bango. Can sai ga sallama a ƙofarsa. Tsoho ne, cikin wankakkiyar riga, motar soja na ruri a bakin lungu.

"Allah gafarta Malam, sun ce shaidar mutum ɗaya ba ta isa su aika Riyad, in ba na biyu za su rufe takarda."

"To ni ina ruwana? Salla nake."

Tsoho ya sunkuyar da kai, ya rage murya.

"Ta gefenka na ɓullo, Malam, na ga fuskarka. Ban faɗa wa kowa ba, ko Baraka. Akwai wuri a motar, in za ka."