A Cire Ashirin Da Biyar

A ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene Mai Agogo yake da teburinsa, yau shekara talatin da bakwai. Gilashi a ido ɗaya, sukundireba siririya kamar allura a hannu, kofin shayi a gefe. Ba ya ganin kowa da gashi. Agogon batir a wurinsa abin wasan yara ne, mai duba lokaci a waya kuwa bai cancanci a amsa masa sallama da kyau ba. Iyakar iliminsa na duniya abu ɗaya ne: duk na'urar da ta faɗi abin da ba ka so, saiti take nema.

To wannan bawan Allah ne likita ta gaya wa sukari ya yi yawa a jininsa. Ba ciwon ba ne tukuna, in ji ta, amma yana bakin ƙofa. Ya rage zaƙi da farin burodi da shinkafa, ya ƙara ganye da wake, ya riƙa tafiya da ƙafa. Ya dawo gida yana tsaki, wai yarinyar da ba ta kai 'yarsa ta biyu ba ce za ta koya masa cin abinci. Babbar 'yarsa dai ta sayo masa na'urar gwaji da ɗan littafin rubuta sakamako, ta nuna masa yadda ake huda yatsa da safe kafin karyawa. Ƙasa da ɗari lafiya, ɗari da ashirin da shida ciwo.

Ranar farko na'ura ta ce ɗari da sha tara. Mutumin naku ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne, ya ce gudu take yi. Ya tafi da ita shago ya buɗe cikinta, bai sami ko ƙafa ɗaya da zai murɗa ba, sai ɗan faranti kore. Ya mayar ya rufe yana taɓe baki.

Amma gwani ba ya rasa dabara. Agogon da ya ƙi saituwa, sai a gwada shi da mai kyau, a san iya gudunsa, a riƙa cirewa. Washegari ya kama yatsan matarsa ya huda, ta ba da casa'in da huɗu. Shi ke nan, magana ta fito. Tukunya ɗaya suke ci tun aurensu, don haka jini ɗaya ne, bambancin na na'ura ne. Ai agogo ma akwai wanda yake gudu a hannun wani. Ya yanki takarda ya manna a bayanta: a cire ashirin da biyar.

"Tukunya ɗaya ce, Malam," in ji matar tana tsotsar yatsa, "amma ni ba na bin ka shago."

Ta san abin da take faɗa. A shago shayi uku ne a rana, kowane da sukari cokali huɗu, ga lemon kwalba bayan azahar, wai don wanke maƙogwaro. Wata uku aka yi haka. Littafi ya cika da lambobi masu kyau, an rubuta su da hannu mai tsabta. Da na'urar ta ƙara hawa, sai ya ce tsufa take yi, ya gyara takardar zuwa talatin.

Ran nan wani dattijo ya kawo agogon gadon mahaifinsa. Mai Agogo ya ɗauki 'yar kusa zai mayar, sai ya ga ramin ya yi dishi-dishi. Ya goge gilashi, ya matsa wajen haske, ya zagi mai benen da ya hana taga. Sau biyar yana kuskure. A ƙarshe ya ce wa dattijon ya dawo jibi, kalmar da a da yake yi wa sauran masu gyara gori a kanta.

A asibiti likita ta yaba wa littafin, har ya fara gyara zama. Sai sakamakon ɗakin gwaji ya iso, wanda yake tona asirin wata uku gaba ɗaya. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Matarsa ta ciro na'urar daga jaka ta kifa ta a tebur.

Likita ta karanta takardar da ke manne a bayanta, ta danne dariya da ƙyar.

"Baba, ƙiris ya rage ka tsallaka. Kuma ciwon nan yana taɓa ido, yana kashe jin yatsu. Da me kake aiki?"

Ya dubi yatsunsa. Tun daga ranar shayinsa ba sukari, yana sha yana yamutsa fuska kamar an yi masa rashin kunya. Karyawa ƙwai da wake, rabin faranti ganye, wanda yake kira abincin awaki yana cinyewa tas. Shago kuwa da ƙafa, wai masu tuƙin yanzu ba su iya ba.

Makon jiya na'ura ta ce ɗari da biyu, ba a cire komai ba. Telan da ke kusa da shi ya yi masa barka. Bai ko ɗago ba, yana zura kusa a rami da bugu ɗaya.

"Barkan me? Sabon kaya ne, dole sai ya zauna. Da ma na san za ta saitu."