Tayar da Na Bari a Bukuru

Jama'a, yau na sayi tayata da kuɗina!

Gobe zan kai Mama Akwanga, kun san sai an gangara Hawan Kibo. Da safe na je Bukuru wajen Bitrus mai faci. Ya zagaya motar, ya ce, "Oga, duka huɗun nan sun gama aiki."

Na ce na gaba kawai zan canza, na baya ai bin sahu suke yi.

Ya ce, "Motarka ce."

Ya ɗaura biyu, na bar masa tsofaffin.

Bayan la'asar ina Daɗin Kowa sai ji na yi fam! Ta baya ta fashe. Safaya kuwa tun bara ba iska. Na kwance ƙafar da ta fashe, na hau acaɓa da ita na koma Bukuru. Bitrus ba ya nan, sai abokin aikinsa. Na ce ya ba ni 'yar Beljiyam, wato ta hannu, mai kyau.

Ya fito da wata baƙa wuluk, zanenta raɗau. Ya ce, "Jiya ta sauka daga Legas."

Na biya, aka haɗa, na koma na ɗaura wa motar.

Ina isowa gida matata ta dubi tayar ta ce, "Baban Sadiƙ, wannan ɗigon koren ba fentin ƙofarmu ba ne?"

Na duƙa. Wallahi shi ne! Tayata ce ta safe, an wanke ta, an shafe ta, an sake yanka mata zane.

Na kira Bitrus. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Oga, ɗayar ma tana nan. A ajiye maka?"