Bamanga da Daɓen Katakon Kulob

Bamanga mutumin Kwadon ne. Yana saurayi ya shigo Gombe ya kama aiki a kamfanin gurzar auduga, amma bai taɓa riƙe inji ba. Kulob ɗin ma'aikata aka ba shi, wani dogon ɗaki mai daɓen katako inda ake rawa ran Asabar. Shi ke sharewa, ya shafa mai, ya goge har mutum ya ga fuskarsa. Kamfani ya rufe, kowa ya watse, shi bai fasa zuwa guga ba.

A 1977, ina gama jami'a, ƙaramar hukuma ta ɗauke ni aiki, ta ce in mayar da ɗakin wurin jiran fasinjoji, don tashar Bolari ta yi wa sababbin motoci kaɗan. Na jera benci, na bar Bamanga yana kula da wurin. Sharaɗinsa ɗaya: ba mai taka masa katako da takalmi.

"Baba, tasha ce fa," na ce.

"Tashar taku ce, ɗana. Katakon nawa ne."

Na ƙyale shi. Takalma suka taru a bakin ƙofa. Wani Bakatsine ya sauka daga mota, ya gan su jere, ya yi alwala ya shiga ya ta da salla, wasu suka bi shi. Kafin a ankara an jingine bencina a bango, an shimfiɗa tabarmi, Iro ɗan kamasho ya zama ladan. Mata da yara suka koma rana.

Elizabet mai sayar da abinci ta tare ni. "Oga, ina inuwar da ka yi mana alkawari?"

Raina a ɓace na shiga ɗauko benci, na manta ban cire takalmina ba. Aka yi kaina.

"Ɗan boko, a jami'ar taku haka ake shiga masallaci?" in ji Iro.

Na ce ai kulob ne, nan ake rawa. Da ma ban faɗa ba. Bamanga ne ya janye ni ta ƙofar baya, rigata a yage.

Bamanga kuwa ruwa ne ya dame shi. Jiƙaƙƙun ƙafafu suna shiga kullum, katako yana kumbura ƙarƙashin tabarmi. Ya tsaya a ƙofa da tsumma yana roƙon a goge ƙafa.

"Baba, alwalar za mu goge?" Suka yi dariya suka wuce.

Na kai ƙara wajen sakataren ƙaramar hukuma. Ya ce, "To, je ka faɗa musu ba masallaci ba ne." Ban je ba.

Bayan damina direbobi suka ɓamɓare katakon suka zuba siminti, mai shayi ya kwashe shi ya yi makamashi. Suka ce Bamanga ya zauna ya riƙa shara. Ya ce siminti kowa ma ya iya share shi, ya hau motar Kwadon.